Yadda Ake Haɗa Babbar Motar Rimot Daga Tsince-tsincen Kaya

Duk wanda ya ɗaura niyyar haɗa babbar motar rimot da hannunsa, bodi ne ke fara ɗauke masa hankali: kan DAF, fitilu, fenti, rubutun baya. Sai ya kwashe makonni yana yanka yana liƙi, ya gama tsaf, sannan ya tarar babu inda batir zai zauna, tayoyi kuma na gugar bodi da zarar an karya kwana. Aikin nan daga ƙasa yake tashi. Taya ce za ta faɗa maka girman motar, aksul ya faɗa maka faɗinta, giya ta faɗa maka irin moton da za ka nema. Bodi ya jira.

Tunda kuma kayan ba gida ɗaya suka fito ba, wannan daga matacciyar motar wasa, wancan daga diril, wani daga cikin firinta, to ka sani kowanne lafiyarsa ƙalau in yana shi kaɗai. Rigimar tana wurin da biyu suka haɗu: sandar moto da ramin giya, haƙori da haƙori, aksul da taya, batir da na'ura. Saboda haka kafin zarto, kafin magagari, kafin ƙarfen soda, kayan aikinka na farko su ne ma'aunin kauri irin wanda tona, mai injin sassaƙa ƙarfe, ke riƙewa, da mitar gwajin wuta, da ɗan littafin da za ka riƙa rubuta awo. Kada ka shiga kasuwa ba tare da su ba.

Fara da taya da aksul

Ka nemi tayoyi huɗu masu girma ɗaya, ko shida in mai ƙafa biyu a baya kake so. Tayar babbar mota ta gaske tsayinta ya kai wajen mita ɗaya ko ya ɗan ɗara. In tayarka santimita 11 ce, motarka kusan kashi ɗaya cikin 10 ke nan na ta gaske. In santimita 7 zuwa 8 ce, kashi ɗaya cikin 14, wanda shi ne girman da kamfanin Tamiya ke yin tirelolinsa. Da ka san wannan, sai ka je inda manyan motoci ke tsayawa, ko masu jiran lodin siminti a wajen Kalambaina a nan Sakkwato, ko masu albasa a hanyar Illela, ka yi sallama ka nemi izinin direba, ka auna tsawon mota da faɗinta da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. Kowane awo ka raba shi da 10 ko 14. Tsarin motarka ya fita.

Sai ka juya tayar ka duba bayanta. Motocin rimot na gaske masu girman 1/10 suna da rami mai kusurwa shida, milimita 12, wanda ke zama a kan noti irinsa a bakin aksul. Manya masu 1/8 nasu milimita 17 ne. Motocin wasan yara kuwa kowane kamfani da nasa, wasu ma cusa tayar kawai aka yi a kan sanda. In tayar da aksul ba su yi daidai ba, kada ka ce gam zai riƙe. Ba zai riƙe ba. Ko dai ka sayi notin milimita 12 mai ramin da ya dace da sandarka, ko ka kai wa tona ya fitar maka da shi daga guntun alminiyam.

In baya kaɗai za ta ja, aikin mai sauƙi ne. Cikin tsohuwar firinta akwai sandar ƙarfe miƙaƙƙiya sumul, sau da yawa mai kaurin milimita 6 ko 8. Mai 8 ɗin tana shiga boris mai lamba 608 daidai, wanda faɗinsa na waje milimita 22 ne, kuma ba ya wuyar samu wurin masu kayan injuna. Sanda ɗaya, boris biyu, babbar giya a tsakiya, ka samu aksul. Tayoyin biyu za su riƙa juyawa tare, abin da kan sa motar ta ƙi karya kwana da kyau a kan kwalta ko siminti. Amma a rairayinmu hakan ne ma ya fi, domin aksul mai raba juyi, da taya ɗaya ta samu sako-sako sai ta yi ta wulwulawa ita kaɗai, ɗayar na tsaye tana kallo.

In kuwa gaba da baya kake so su ja, kuma aksul ɗin biyu ba na mota ɗaya ba ne, akwai gwajin da ba a tsallakewa. Ka sa alli a taya, ka riƙa juya sandar da farfela ke kamawa da yatsa, kana ƙirga sau nawa ta juya kafin tayoyin biyu su zagayo sau ɗaya. Ka yi wa ɗayan aksul ɗin haka. In na gaba ya ba ka 3 na baya ya ba ka 2 da rabi, za su yi ta jayayya har giya ta zube ko moto ya ƙone. Ka kuma lura da ɓangaren da tayoyin ke juyawa. Yakan faru ka haɗa komai ka ga gaba na tafiya gaba, baya na ja da baya. Maganinsa a kifa aksul ɗaya, sama ta koma ƙasa, ko a buɗe shi a juya babbar giyar ciki zuwa ɗaya gefen.

Shasi

Sanduna biyu na alminiyam masu kwana, irin ragowar da masu haɗa tagogi ke zubarwa, sun isa. Ka jera su, ka haɗa su da guntaye uku ko huɗu a gicciye, ya zama kamar tsani. Ka ɗaure da kusoshi masu zare na milimita 3 da notinsu, kada ka yi walda ko ribit, domin sai ka kwance ka sake ɗaurawa ba sau ɗaya ba. In za ka huda, ka manne sandunan biyu ka huda su tare. Ramin da ya goce da milimita 2 kawai ya isa ya sa mota ta riƙa tafiya a karkace. Bayan ka ɗaure, auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye. Awo biyun su zo ɗaya.

Don sifirin, langa-langa nan ta fi komai, wadda ake ɗaure dila da ita. Ka yanka falle uku, kowanne ya gaza na samansa tsawo, ka lanƙwasa bakin dogon ya zama zobe, ka jera su yadda sifirin babbar mota yake. Baki ɗaya ya kafe a shasi, ɗayan ya rataya a ɗan guntun ƙarfe mai lilo don ya samu wurin miƙewa. Ruwan zarto kan ruɗi mutane saboda yana da tsalle, amma karyewa yake yi farat ɗaya.

Moto da giya

Nan ne ya kamata ka zauna ka natsu. Ƙaramin moton motar wasa, wanda yara ke kira rota, sandarsa milimita 2 ce, kuma ba zai iya da motar da ta kai kilo 2 ko 3 ba. Mai lamba 380 ko 390, sandarsa milimita 2.3, ya isa ƙaramar mota mara nauyi. Babba tana son 540 ko 550, masu sanda milimita 3.17. Irin 550 ɗin ne ake yawan samu a cikin diril mai batir, shi ya sa matacciyar diril a rumfar 'yan gwangwan take da daraja a wurinmu. Sau da yawa batirinta ne ko makunninta ya mutu, moton na nan daram.

Ga yadda ake gwada shi a tsaye. Mai rumfa zai dube ka ya ce, "Malam, mi kaka biɗa cikin wanga tarkace?" Ka roƙe shi sukurudireba ka buɗe. Ka juya sandar da yatsa: ya kamata ka ji tana tafiya daki-daki, maganaɗisu na riƙe ta, ba tare da ƙara irin ta yashi ba. Ka girgiza ta gefe da gefe. In tana kaɗawa, bushinta ya cinye. Ka kai hanci ramin iska, in ka ji ƙaurin ƙonannen waya, ajiye masa abinsa. In ya wuce waɗannan, ka taɓa masa batir ka ji kukansa. Moton diril mai 12V zai yi aiki da 7.4V, sai dai a sanyaye. Mai 18V kuwa zai yi nauyin jiki sosai.

In sabo za ka saya, za ka ga an rubuta 27T, 35T ko 55T. Adadin naɗin waya ne a ciki. Yadda lambar ke hawa haka gudu ke raguwa, moton kuma ya rage cin batir da ɗaukar zafi. Ga babbar mota a garin nan, ni 35T zuwa 55T nake ba da shawara. Masu waya uku, waɗanda ba su da gawayi a ciki, sun fi gudu nesa ba kusa ba, amma da su da na'urarsu duk sun fi tsada, kuma giyar roba ta tsince-tsince ba ta jure musu.

Ƙaramar giyar da ke kan moto da babbar da take juyawa dole girman haƙorinsu ya zama ɗaya. A kasuwa akwai 48P da 32P, akwai kuma masu awon 0.6 da 0.8 da 1. Mai 32P da mai 0.8 kusan abu ɗaya ne, suna shiga juna. Mai 48P da mai 0.6 kuwa a ido kamar za su yi, har su juya, amma kwana kaɗan haƙoran sun zama gari. Giyoyin firinta nasu daban ne, don haka in za ka ɗauka ka ɗauki biyun da ka tarar suna cin juna tun asali. Ka mirgina ɗaya a kan ɗaya a gaban haske. In haƙori na hawa kan haƙori maimakon ya faɗa rami, ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Sai lissafin ragin gudu. A ce ƙaramar giya haƙori 15, babba 75: moto ya juya sau 5, babba ta juya sau ɗaya. A ce akwatin giya da aksul sun ƙara ragewa sau 6. Biyar sau shida, 30. In motonka na juyi 15,000 a minti, taya za ta yi 500. Tayar santimita 11 tana cin kusan santimita 34 da rabi a kowane zagaye, wato wajen kilomita 10 a awa. Wani zai raina wannan. Amma motar da tsawonta bai wuce kamu biyu ba, in tana kilomita 10 a tsakar gida, sai ka yi sassarfa kafin ka cim mata. Ga mai ɗaukar kaya a yashi, ragi tsakanin 30 da 50 shi ne daidai a ganina. Dalili kuwa zafi ne. Moto mai gawayi ba a son ya wuce digiri 70 ko kusa da haka, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu iskar kanta tana haura 40, ƙasar da motar ke takawa ta fi haka. Ragin da zai yi wa mai wasa a ƙasar sanyi daidai, a unguwar Mabera da azahar dafa moto zai yi.

Wurin ɗaure moto ka yi ramukan kusoshi dogaye, yadda zai iya matsawa gaba da baya. Ka yanki siririyar takardar littafi, ka sa tsakanin giyoyin biyu, ka tura moto ya matse ta, ka ɗaure, sannan ka juya giya takardar ta fito. Za ta fito da lanƙwasa zigi-zaga, ba a yage ba. Ka riƙe ƙaramar da yatsa ka kaɗa babbar: ka ji ɗan ƙis-ƙis kaɗan. In babu motsi sam, ta matse. In tana ƙwal-ƙwal, ta yi sako. Ƙaramar kusar da ke riƙe giya ta zauna a kan shafaffen gefen sanda, in babu ka fitar da shi da magagari, ka ɗiga mata jan farce don kada girgiza ta kwance ta.

Sitiyari

Allon da ke cikin motar wasa ka bar shi inda ka gan shi. Tsofaffin masu 27MHz ba sa nisa, sitiyarinsu ko dai hagu gaba ɗaya ko dama gaba ɗaya, kuma 540 zai ƙone su cikin ƙiftawar ido. Abu huɗu ne ban ga amfanin tsinto su ba, gara a saya sababbi ta intanet ko a yi saƙo daga Kano ko Legas: rimot mai 2.4GHz da risibarsa (ɗan akwatin da ke karɓar umarninsa a cikin mota), na'urar sarrafa gudu da ake rubuta wa ESC, sarbo mai murɗa sitiyari, da caja. Rimot da risiba su zo tare, domin na kamfani daban-daban galibi ba sa jin maganar juna. Flysky da Dumborc suna da masu sauƙin kuɗi.

Sarbo ka nemi mai giyar ƙarfe kamar MG996R. Ɗan shuɗin nan SG90 na ƙananan abubuwa ne, tayar farko da ta daki dutse za ta zubar masa da haƙora. Hannun da ke hawa kan sarbo shi ma mahaɗa ce: akwai mai tsaga 23, da 24, da 25, kuma ba sa musanya. Kada ka ɗaura hannun sai ka kunna rimot da risiba, sarbo ya koma tsakiya da kansa, sannan ka dasa shi a miƙe. Sifok ɗin keke ya isa sandar da za ta haɗa shi da taya. Hannuwan da ke jikin tayoyin gaba ka ɗan karkato su ciki, yadda in ka ja layi daga kowanne zai nufi tsakiyar aksul na baya. Hakan ke sa tayar ciki ta fi ta waje karyewa a kwana. In ka murɗa sitiyari ƙarshe ka ji sarbo na gurnani, ya kai bango yana turawa ne, sai ka rage masa iyaka daga rimot.

Wuta

Na'urar gudu ta dace da moto: mai waya biyu da mai waya biyu. Hobbywing QuicRun 1060 ta shahara a wannan aiki, tana ɗaukar amfiya 60, kuma ita ke ba risiba da sarbo 6V, don haka ba ka bukatar batir na biyu. Sarbo ya shiga ramin risiba mai alamar CH1, na'urar gudu CH2. Wayoyinsu uku ne: baƙa ko ruwan ƙasa, ja a tsakiya, sai fara ko ruwan goro mai ɗauke da umarni. Ka duba alamar jikin risiba kafin ka cusa. Wayar batir kuwa in ka juya ja da baƙa sau ɗaya, na'urar ta tafi ke nan, shi ya sa ake sa mahaɗi irin XT60 wanda ba ya shiga a juye.

Batirin 18650 shi ne a hannun kowa, daga tsohon batirin laftof ko na diril. Kowane ɗaya 3.7V ne, in ya cika 4.2V, kuma ba a son a zuƙe shi ƙasa da 3V. Biyu a jere su ba ka 7.4V. Sai dai na laftof an yi su ne don ba da wuta kaɗan-kaɗan na dogon lokaci, moton 540 kuwa in taya ta cije yakan ja fiye da amfiya 20. Na diril su aka yi wa irin wannan wahala. In na laftof kaɗai gare ka, ka haɗa huɗu, biyu-biyu kafaɗa da kafaɗa sannan a jere, ka kuma ƙara ragin giya. Duk wanda ka auna ka samu ƙasa da 2.5V, ko mai tsatsa, ko wanda rigarsa ta yage, ka fitar da shi. Sauran ka cika su ka ajiye mako guda ka sake aunawa. Wanda ya sauke da kansa ba abokin tafiya ba ne. Gidan batir na roba mai siririn sifirin narkewa yake yi, kuma ɗora ƙarfen soda a kan batir ya daɗe haɗari ne. Ka kai wa masu haɗa batirin sola da ke da injin ɗinke shi da falle.

Ƙaramin allon caji mai lamba TP4056 na batir ɗaya ne tak, ba ya cajin biyu a jere. Ka nemi caja mai daidaita kowane batir, irin iMAX B6. Wani alherinta, tana karɓar wuta daga 11V zuwa 18V, wato batirin sola na gida mai 12V ya ishe ta ko babu wutar NEPA. Ka yi caji a inuwa, cikin kaskon ƙasa mai yashi, nesa da katifa da labule, kana kusa. Batirin da ya dawo daga wasa da zafi a bar shi ya huce tukuna. A jikin na'urar gudu ka sa ɗan makullin a wajen da aka rubuta LiPo, don ta yanke wuta kafin batir ya zuƙe.

Gwajin farko a kan bulo ake yi, tayoyi na reto. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe. In ka ja kunamar rimot ka ga tayoyi sun yi baya, musanya wayoyin moto biyu. Sannan ka kashe rimot da gangan tayoyi na juyawa. In ba su tsaya ba, ka saita tsayawar gaggawa a risiba kafin motar ta taka ƙasa, domin unguwa akwai yara, akwai kabu-kabu.

Bodi, da zaman motar a ƙasarmu

Yanzu ka auna abin da ya rage ka yi bodi a kansa. Ka fara da kwali, ka gwada, ka murɗa sitiyari ƙarshe, ka danna mota ƙasa ka ga ko taya na taɓawa. Fayif ɗin roba na inci 4, in ka tsaga shi ka gasa a nesa da garwashi har ya yi laushi, ka danne tsakanin katako biyu, zai ba ka falle mai kyau na yanka kai. A waje ake yi, kuma kada ya ƙone, hayaƙinsa guba ne. Baya kuwa siraran katako su ba ka bodin katako irin na masu zuwa kasuwannin ƙauye, har da wurin rubuta "Allah Ya Kiyaye Hanya". Batir ya kwanta ƙasa tsakanin sandunan shasi. Eriyar risiba, ɗan tsiraran bakin nan mai kusan santimita 3, kada a yanke shi, kada kuma a rufe shi da gwangwani. Fitila farar LED a kan 6V tana son resisto mai 220 a jere da ita.

Ƙura ita ce abokiyar gaba. Giyar da ke waje kada ka shafa mata giris, domin giris da yashi in suka haɗu sun zama magagari. Ka yi mata murfi da gwangwanin madara ka bar ta a bushe. Giris na cikin aksul ne da akwatin da ke rufe. Risiba ka sa ta cikin balan-balan ka ɗaure bakin. Moto kuwa yana son iska, sai dai a ja masa guntun safa mai shara-shara a kan ramukan, musamman da hunturu.

Ranar fita, ka bari sai bayan la'asar, ka yi minti biyar ka tsaya ka ɗora yatsa a kan moto. In ka iya ƙirga biyar ba ka janye ba, ci gaba. In ba ka iya ba, ka canza ƙaramar giya da wadda ta gaza ta da haƙori biyu, ka kuma ɗaga motar ka juya tayoyi da hannu ka ji ko wani wuri na cijewa. Bayan ka dawo ka cire batir daga jiki, ka bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya, ka kakkaɓe da tsohon buroshin haƙori. In za ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, a ajiye batir a wajen 3.8V kowane ɗaya, ba a cike ba. CH3 da ya rage a risiba kuwa, sarbo na biyu a ƙarƙashin bodi da ƙyaure a baya sun isa su mai da ita tifa mai juye yashi.